Tebur na Uku

Akwai wani mutum a Tashkent, Vitali Hegai, wanda ya tafi Koriya neman kuɗi. Ya samo kuɗin, ya kuma haɗo da abin da ba a aike shi ya sayo ba: raina gidansu.

Vitali jikan Koriyawan da aka kwaso da ƙarfi ne, aka sauke daga jiragen ƙasa a wannan yanki tun zamanin Sobiyet, suka noma shinkafa da albasa a bayan gari har suka zama 'yan ƙasa. A gida Rashanci ake yi. Koriyancin kakanni bai rage ba sai a madafa, a sunayen abinci da faɗan tsofaffi.

Ranar da ya fara aiki a wata masana'antar roba a Ansan, wani gari a Koriya, ya shiga layin abinci ya nemi shinkafa da ruwa yadda kakarsa ke faɗa: pabi, muri. Matar da ke zuba abincin ta ajiye ludayi ta kira abokiyarta ta zo ta ji. Daga ranar sunansa ya koma Pabi-muri, har ya bar masana'antar.

Bai taɓa ba kowa wannan labarin ba. Abin da ya dawo yana faɗa shi ne, “A Seoul ba haka ake yi ba.”

Ya buɗe ofishin tura matasa aiki Koriya. Shafinsa na waya ya cika da mabiya, don duk mai mafarkin tafiya sai ya bi shi. Idan ya yabi takalmi, a sayi takalmin. Idan ya kushe wuri, a guje shi.

Tsofaffi na cewa mutum tebur huɗu yake samu a duniya. Na farko ranar da ya cika shekara, bai san ana yi ba. Na biyu ranar aure, hankalinsa ba ya wurin. Na uku shi ne hangabi, ranar cika sittin, wanda 'ya'yansa ke shirya masa, su kai goshi ƙasa a gabansa, su miƙa masa kofi. Na huɗu kuwa gaban hotonsa ake jera shi, bayan ya rasu.

Na ukun ne kaɗai mutum ke zama ya ci da idonsa biyu. Mahaifin Vitali ya rasu bai kai nasa ba. Yanzu saura na mahaifiyarsa, Roza, kuma shekarar ta zo.

Ta ce, “A wajen Klava nake so.”

“Mama, wannan rumfar ta bayan kasuwa?”

“Rumfar ce ta dafa abincin teburinka na farko.”

“Shekara nawa ke nan? Duniya ta ci gaba.”

“To je ka ɗanɗana tukuna. In ka ci ka ce babu daɗi, sai mu yi magana.”

Klava ƙawar Roza ce tun suna 'yan mata a gonar gwamnati, layi ɗaya suke cirar albasa. Gidan abincinta yana bayan kasuwar Kuyluk, tebura shimfiɗe da leda, fanka ɗaya mai kuka. Direbobi ke ci a wurin, da matan Uzbek masu sayar da ganye, da tsofaffin unguwa. Akwai takardar abinci a bango, amma ba kasafai ake dubawa ba. Klava kan kalli fuskar mutum ta kawo masa abin da ta ga ya dace da shi.

Vitali ya je da rana tsaka, ya goge kujera da hankici kafin ya zauna. Ya jira. Ta wuce shi da kwano, ta dawo ta sake wuce shi.

“Inna Klava, tun ɗazu nake zaune.”

“Na gan ka, ɗan Seoul. Wancan direban ya riga ka, kuma motarsa na bakin titi babu fasinja. Kai me ka bari a bakin titi?”

“A Seoul ƙararrawa ake dannawa, kafin ka ɗaga yatsa an zo.”

“Nan ma akwai ƙararrawa. Bakinka ne. Ga shi ka danna na zo.”

Direban ya yi dariya cikin romonsa.

Ta jera masa ƙananan farantai: kwaɗon karas mai tafarnuwa, kabeji mai yaji da ya kwana biyu ya yi tsami, kifi a ruwan tsami da albasa, sai babban kwanon kuksi, taliya siririya cikin romo mai sanyi da tumatir da yankakken ƙwai. Ya ɗaga karas ɗin da tsinken cin abinci kamar ya tsinci gashi.

“Wannan fa ba abincin Koriya ba ne. Can babu wanda ya san shi.”

“To in za ka koma ka kai musu, su ma su huta.”

“Tumatir a kuksi? Wa ya koya muku?”

“Yunwa. Malama ce mai tsanani, ba ta je Seoul ba.” Ta juya wajen sauran masu ci. “Ku gan shi nan, ranar teburinsa na farko an ajiye masa littafi da almakashi da zare, ya tsallake su duka ya cusa hannu biyu cikin shinkafata. Har kunnensa sai da muka wanke.”

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa ɗan gida. Vitali bai ji ta haka ba.

Klava ta tsaya ta dube shi sosai. Ta ga ramar wuyansa da kumburin ƙasan idonsa. Muryarta ta sauka.

“Abincinsu bai karɓe ka ba, Vitalik. Jira ni.”

Ta shiga ciki ta fito da wani tsohon kwanon ƙarfe shuɗi, fentin bakinsa ya ɓantare a gefe ɗaya. Farar shinkafa ce a ciki, an zuba mata ruwan sanyi har ya rufe ta. A ɗan faranti ga daddawar waken soya da kokwamba mai gishiri. Wannan abinci ba ya cikin takardar bango. Duk mai zuwa wurin ya san ba a sayen sa, Klava na ba wanda ta ɗauka nata ne.

Ta ajiye a gabansa da hannu biyu. “Ga pabi-muri. Ci, ka dawo gida.”

Kalmar ta sauka masa kamar mari. Ya ji ludayin nan na Ansan ana ajiye shi, ya ji dariyar layin abinci. Ya ɗauka duk ɗakin sun san sunansa na can.

Ya ɗauki waya ya kunna ɗaukar hoto.

Ya ce, “Jama'a, ku gani da idonku. Ka zauna ka bushe kafin a kula ka, sannan a kawo maka ruwan wankin shinkafa a kwanon da ko kare sai ya yi tunani. Wai nan ne gidan abincin Koriya. Irin wannan ne ke sa ana raina mu a duniya.”

Ya ture kwanon da bayan hannu don a ga ɓantaren bakin. Kwanon ya kife, ya gangara, ya faɗi ƙasa. Ruwa ya bi leda, shinkafa ta watse har kan takalmin direban.



Klava ta sunkuya da ƙyar, don gwiwarta ta daɗe da gajiya. Ba shinkafar ta fara kwashewa ba. Kwanon ta ɗauka, ta goge shi da gefen rigarta, ta juya shi tana duba ko ya lotse.

Ta ce, “Ka gai da Roza.”

Kafin yamma hoton ya zaga gari. Matasa suka cika ƙasansa da dariya, har da waɗanda suka girma a kan taliyar Klava. Masu biki biyu da suka yi magana da ita suka janye. Masu duba tsafta suka zo, suka rufe wurin don bincike, ba su sami komai ba, suka buɗe. Amma mutane sun ga hoton rufewa, ba su ga na buɗewa ba. Kafin kankana ta ƙare a kasuwa, Klava ta mayar wa mai rumfa makullinsa.

Wata maƙwabciya ce ta nuna wa Roza hoton.

Ta ce da ɗanta, “Na gani.”

“Gaskiya na faɗa, Mama. Wani lokaci gaskiya ba ta da daɗi.”

“Ka kalli kwanon da kyau?”

“Me zan kalla a tsohon kwano?”

Ta ci gaba da ninke tsumma.

Vitali ya kama babban zaure a wani sabon gidan abinci na tsakiyar gari. Mai dafa abincin daga Seoul aka kawo shi, haka manajan, Mista Nam, mutum mai laushin murya wanda Vitali ke yawan ɗaukar hoto da shi. Kowane tebur da ƙararrawarsa, da murhun gasa nama a tsakiya. Ma'aikata na rusunawa kafin su yi magana.

Ranar hangabi abokan kasuwancinsa suka cika gefe guda. Ɗaya gefen, wanda aka ware wa tsaran Roza, yawancin kujerunsa babu kowa. Wannan ta aiko cewa ƙafa, wancan hawan jini. Tsofaffi ba sa faɗa da ɗan ƙawarsu. Ciwo kawai suke yi a rana ɗaya.

Roza ta zauna bayan dogon tebur cikin rigar siliki da ya sayo mata, wadda ta yi mata yawa a kafaɗa. Vitali ya kai goshi ƙasa, ya tashi ya miƙa mata kofi da hannu biyu. Ta taɓa shi da leɓe ta ajiye. Aka tafa.

Ya cika mata faranti da gasasshen haƙarƙari da kaguwa mai yaji.

“Ci, Mama. Wannan shi ne na asali.”

“Ina ci.”

Ba ta ci. Aka yi waƙa, aka yi jawabi, farantin na nan yadda yake, kitsen ya daskare a kai.

Can ta miƙa yatsa ta danna ƙararrawa, a hankali, kamar mai tsoron kada ta fasa ta. Ma'aikaci ya zo bai gane abin da take so ba, ya kira Mista Nam. Roza ta ga babban mutum daga ƙasar kakanni, ta so ta girmama shi. Ta bar Rashanci, ta tattaro Koriyancin da ta gada.

“Ɗana, ko zan sami ɗan pabi-muri?”

Mista Nam ya rusuna da murmushi. Ya ba da haƙuri, ya ce babu irin wannan a jerin abincinsu, amma akwai nama iri-iri. Ya sake rusunawa ya juya. A bakin ƙofar madafa ya haɗu da mai dafa abinci, ya yi masa magana da harshen Seoul, bai ko rage murya ba, don ya saba babu mai ji.

“Ka ji Koriyancin 'yan Rasha? Pabi-muri. An cika mata tebur tana roƙon abincin yunwa.”

Suka yi 'yar dariya, gajeriya, ta mutanen da ba su da mugun nufi, raini kawai.

Duk zauren Vitali ne kaɗai ya gane. Ya yi shekara da shekaru yana koyon harshen nan don kada a sake yi masa dariya, ga shi amfaninsa na yau shi ne ya ji ana yi wa uwarsa. Ya buɗe baki. Me zai ce? Mutumin bai faɗi abin da ya kai nasa muni ba, kuma shi bai ɗauka a waya ba.

Yana kallo Roza ta jawo ɗan kwanon shinkafa, ta ɗauki kwalbar ruwan tebur ta zuba. Ruwan mai gas ne. Shinkafar ta yi kumfa tana tsiyaya. Ta kai cokali ɗaya baki, ta haɗiye da ƙyar, ta ajiye cokalin.

Ƙanwarsa Olesya ta kama hannun rigarsa ta ja shi waje.

“Yaya, ka san rabon Mama da nama?”

“Ta ce haƙori ne.”

“Haƙori. An yanke mata rabin ciki kana Ansan. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba, wai za ka bar aiki ka taho. Tun daga nan babu abin da ke zauna mata sai shinkafa da ruwa. Ni ina aiki, gidan babu kowa, ba ta iya ci ita kaɗai. Kullum da rana takan je wajen Inna Klava, su zauna a teburin lungu, ta ci suna hira. Shi ya sa ta ce can take so. Tana so ta ci abinci a teburinta.”

Olesya ta ci gaba.

“Kwanon da ka kifar kuwa na Baba ne. Da shi yake ci in ya dawo daga gona, kana zaune a cinyarsa. Mama ce ta kai shi can da hannunta. Inna Klava ba ta taɓa ba kowa abinci a cikinsa ba sai Mama, sai kai.”

A cikin zaure an kunna kiɗa, abokansa na kiran sunansa ya zo a yi hoto.

Washegari ya nemi gidan Klava. Ya same ta a tsakar gida tana yanka karas siriri-siriri, wanda take ba wata mai rumfa a kasuwa ta sayar mata.

“Inna Klava, zan goge hoton.”

“Goge.”

“Zan yi wani, in faɗi gaskiya, in ce kowa ya zo.”

“Su zo su zauna a ina? Kujerun na sayar, suna gidan mai shayi.”

“To a sake teburin. Ke za ki dafa. Ko nawa ne.”

Sai a nan ta ɗago kai.

“Ba a karɓar na uku sau biyu, Vitalik. Ta zauna, kun durƙusa, ta taɓa kofi. Ya wuce. Da yunwa ta karɓe shi, amma ta karɓa.”

Ta koma kan wuƙarta.

“Ni ba na jin haushinka yadda kake zato. Wanda aka yi wa dariya a waje, gida yake zuwa ya rama. Na ga irinku da yawa sun dawo. Je ka zauna da uwarka. Ka dafa shinkafa, ka zuba ruwa, ka zauna har ta gama. Wannan ba sai an je makaranta ba.”

Ya ce zai yi. Kuma da gaske yake.

Amma ya isa ƙofar gidan ya kasa shiga madafa. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita a kan kwano. Ya zauna a falo ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, ya tafi. Ya dawo da 'ya'yan itace da ba ta iya ci. Sai tafiya ta taso, akwai matasan da zai raka Koriya. Ya ce da kansa in ya dawo zai fara, da natsuwa, yadda ya kamata.

A Seoul ya saya mata tukunyar lantarki mafi tsada, mai magana idan shinkafa ta nuna. Yana riƙe da kwalinta a filin jirgi kiran Olesya ya shigo.

Ranar tebur na huɗu dusar ƙanƙara ta rufe Kuyluk. Tun da sassafe Klava ta iso da tukwanenta, ba wanda ya aika mata. Bayanta tsofaffin nan ne masu ciwon ƙafa da hawan jini, babu wanda ya rage. Suka jera kwaɗon karas, da kifi, da miyar busasshen ganye mai daddawa, a gaban hoton Roza.

A al'ada babban ɗa ne ke ciyar da mamaci. Yakan ɗebi shinkafa cokali uku ya zuba cikin kwanon ruwa, ya ajiye gaban hoton, ya kai goshi ƙasa.

Vitali ya durƙusa yana neman kwano. Klava ta buɗe jakarta ta fito da shuɗin nan mai ɓantaren baki. Ta cika shi da ruwan sanyi ta miƙa masa.

Ta ce, “Riƙe da hannu biyu. Ya taɓa faɗuwa.”

Ya riƙe. Ya zuba cokali na farko, da na biyu, da na uku. Shinkafar ta nutse a hankali ta kwanta a ƙasan kwanon. Ya ajiye gaban hoton, ya gyara cokalin ta ɓangaren hannunta na dama.

Wannan ne karo na farko da ya ba mahaifiyarsa abin da take iya ci. Ya zauna a wurin, kamar yadda aka ce masa, yana jira ta gama.

Darasi: Wanda aka raina a waje, kada ya kwaso rainin ya sauke a kan na gida. Ba duk abin da aka ajiye gabanka ake aunawa da ƙyalli ba, wani kwanon girmamawa ce aka zuba maka a ciki. Kafin ka ɗaga waya ka tozarta mai dafa abinci, tambayi wa take ciyarwa. Kuma in kana da tsohuwa a raye, ba ta abin da take iya ci yau, da hannunka, tun tana iya ɗaga cokali. Ka tura wannan ga wanda ya daɗe yana cewa “in na dawo”.